Ramuwar Sallar Hajja Nabawiyya

Damanhur, 6 ga Oktoba, 1996

Zuwa ga 'yar'uwata Tahani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan jiki yana ƙara sauƙi, Allah ya sa kaffara ne. Ki gaida wanki Fathi da matarsa, Allah ya saka musu ɗawainiyar da suke yi da ke.

Sau uku ina buga waya gidan, matar Fathi tana cewa kina barci. Tun muna makarantar 'yan mata ban taɓa ganin kin yi barcin rana ba, don haka na san ƙin karɓa kike yi. Ban ga laifinki ba. Amma gefen harshe aka yanke miki, hannunki yana nan, shi ya sa na aiko takarda.

Maganar Inna ce.

Kin tuna ni na kawo ta ajinki na gyaran karatu a masallacin unguwarmu shekara uku da suka wuce, don ta rage zaman kaɗaici bayan rasuwar Baba. A makon farko kika gaya wa matan ajin cewa duk wadda ta musanya harafi ɗaya a Fatiha ba ta yi salla ba. Mata talatin suka ji. Ashirin da tara suka koma gida suka ɗora tukunya. Inna ita kaɗai ta riƙe maganar.

Ranar darasinki na ƙarshe kafin a kwantar da ke asibiti, ta karanta miki Fatiha daga farko har ƙarshe ba ki tsayar da ita ba ko sau ɗaya. Shekara uku ba ta taɓa samun haka ba. Ta dawo gida ta dama wa maƙwabta ruwan zaƙi kamar an yi haihuwa. Washegari ta ce tun da yanzu karatunta ya gyaru, za ta rama duk sallar da ta yi da gurɓataccen karatu tun daga shekarar da ta balaga. Shekara hamsin da shida ke nan. Kowace farilla tana haɗa ta da ramuwa biyar. Ni lissafi nake koyarwa, na buga: raka'a ɗari da biyu kullum, kuma sai ta haura shekara tamanin kafin ta gama.

Da guiwa ce kawai da na yi shiru. Kin san ciwon sugarta. Gyambo ya fito a ƙarƙashin babban yatsanta na ƙafar dama, daidai inda ake kafa ƙafa a sujada. Likita ya ce ta ɗaga ƙafar, kada ruwa ya taɓa. Ita kuwa kowace salla biyu sai ta sake alwala, kuma ba ta yarda da shafa a kan bandeji ba.

Liman ya zo har gida ya gaya mata babu ramuwa a kanta. Ta ba shi shayi, ta yi masa godiya, yana fita ta tayar da kabbara. Yayana Sabri ya zo ya yi ta ihu irin nasa na ɗan fari, ta ce masa ya je ya yi wa matarsa. Abin da take faɗa guda ɗaya ne, da sunan da matan ajin suke kiranki: Abla ce ta faɗa, Abla ce za ta janye.

Daga Iskandariyya zuwa nan awa ɗaya ce a jirgin ƙasa. Ki zo ki janye.

Taki har kullum,
Ni'imat

Iskandariyya, 12 ga Oktoba

Ni'imat,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Jiki da sauƙi. Haka ake cewa, to na ce.

Tun da kin tambayi lafiyata a layi ɗaya kin ba uwarki shafi biyu, bari in cike miki gibin. Abincina romo ne da madara, da ƙaramin cokali, ta gefen dama. Matar Fathi tana yi mini magana da ƙarfi, kalma ɗaya-ɗaya, ta ɗauka kunnen ma an cire. Masu dubiya suna zuwa su ce Allah yana sona, su cinye 'ya'yan itacen da suka kawo, su tafi. Ba na jin haushinsu. Ba na jin komai sosai. Ina zaune a baranda ina kallon wanki yana bushewa, in ya bushe a shigo da shi, a shanya wani.

Likitan da ya yi aikin yaro ne mai fara'a. Ya ce da yardar Allah nan da shekara zan iya neman ruwa da tambayar kuɗin tumatir, kowa ya gane. Ya faɗa yana murmushi, yana jiran in gode. Shekara bakwai na yi ina zuwa Tanta gaban malamina makaho, Babana yana zaune a bakin ƙofa yana gyangyaɗi, kafin malamin ya yarda cewa na iya. Shekara ashirin da biyu ina nuna wa matan Damanhur inda kowane harafi yake fitowa, wannan daga maƙogwaro, wannan daga gefen harshe a jikin matauna. Gefen da nake nuna musu da shi, shi aka jefa a kwanon asibiti. Yanzu in na buɗe baki, abin da ke fita kamar na wadda aka cusa wa tsumma. Wata huɗu ke nan babu wanda ya ji muryata, har Fathi. Ina da allo da alli.

Kuma kina cewa in hau jirgi in zo in yi jawabi.

Game da Hajja, ban ce ta rama komai ba. Ki nemo mace ɗaya a ajin da ta ji na ambaci ramuwa. Uwarki ta ɗauki magana ta kai ta inda ban aike ta ba, kamar yadda ta saba yi da maganar kowa. Ita ce fa ta yi shekara guda tana ƙin fito da kan harshenta tsakanin haƙora a harafin da yake buƙatar haka, wai ita ba za ta tsaya gaban Ubangijinta ta zaro masa harshe ba, ba a yi mata wannan tarbiyyar ba.

Ga takarda ta biyu a cikin ambulan. Na rubuta hukuncin da manyan baƙi: wanda ya yi iya ƙoƙarinsa wajen koyo ya kasa, sallarsa ta yi, ta baya ma ta yi, babu ramuwa. Na kawo maganar malamai huɗu, na sa hannu a ƙasa da cikakken sunana. Ki karanta mata sau biyu, a hankali, ba da muryar da kike tsawata wa 'yan aji uku ba. Ki ce ta zauna a kujera ta yi farillarta, ta bar ƙafar ta bushe.

Ki gaishe ta. Kada ki sake buga waya.

Tahani

Damanhur, 20 ga Oktoba

'Yar'uwata Tahani,

Assalamu alaikum, da fatan kin tashi lafiya. Na ji abin da kika ce game da layi ɗaya. Gaskiyarki ce, ki yafe ni. Ban san yadda ake tambayarki ba, ke da kika saba yi wa mutane tambaya.

Na karanta mata sau biyu, da muryar kirki. Ta karɓi takardar ta sumbata, ta ɗora a goshi saboda sunayen malamai, ta sa a ƙarƙashin matashi. Sannan ta ce in ɗauko alƙalami. Ga abin da ta ce, ban gyara ba:

“Abla, ina gaisuwa, ina yi miki sannu da jiki. Na yi miki addu'a a Asuba, na kuma sa an kai wa marayu wake da sunanki. Takarda ta zo, Ni'imat ta karanta. Ni ban san takarda ba. Takardar gonar ubanmu ma da aka karanta mana, wata gona muka ji a kunne, wata muka tarar a ƙasa. Kuma wannan 'yar tawa tun tana ƙarama in na aike ta sayen gishiri sai ta dawo da labari, ina na san abin da ta ƙara? Ke kika ce mana karatu ba a ɗaukarsa daga takarda, daga bakin malami ake ɗauka, ido yana kallon bakin. Shekara uku kina sa ni zaro harshe gaban mata kamar akuyar da aka yanka, na zaro. Yanzu da na samu, sai a ce mini da ma ba sai na wahala ba? In haka ne, ki zo ki faɗa ina kallon bakinki. In ba ki da lafiyar zuwa, ba komai, ki huta, ni ma ina nan ina aikina. 'Yar Zakiyya, ni na yi miki wankan farko a duniya ranar da ta haife ki, babu abin da ke bakinki da zai ba ni tsoro.”

Ta gama, ta ce in karanta mata abin da na rubuta, ta ga ko na yi sata.

Ƙafar ta fara wari, Tahani. Ina wanke ta kafin in tafi makaranta, in dawo in tarar da bandejin a jiƙe. Na ɓoye buta, ta yi alwala da tukunyar shayi. Na kulle banɗaki, ta rarrafa gidan maƙwabciya.

Na yi wata shawara. In ba za ki iya zuwa ba, ki ɗauki muryarki a kaset. Kalma biyar ta isa. Sabri yana shigowa Iskandariyya ranar Laraba da motar kaya, zai biyo ya karɓa, ba sai ya gan ki ba. Wataƙila in ta ji muryar ta haƙura da ganin bakin.

Allah ya ƙara lafiya.
Ni'imat

Iskandariyya, 27 ga Oktoba

Ni'imat,

Wa alaikumus salam. Sabri ya zo, an gaya masa babu saƙo. Ki ba shi haƙuri, ya hau bene huɗu a banza.

Na gwada. Ranar Litinin da hantsi, matar Fathi ta tafi kasuwa, na rufe taga na danna rikoda. Na faɗi abin da kike so. Na mayar na saurara. Ban gane abin da matar take cewa ba, ni da na san abin da ta yi niyyar faɗa. Na sake, na sake. Sai na lura kaset ɗin da na ɗora a kai ɗaya ne daga cikin na karatuna na da, waɗanda ake sayarwa a ƙofar masallaci. Inda sabuwar muryar ta ƙare, tsohuwar ta ci gaba daga tsakiyar aya, garau, ba ta san abin da ya faru ba. Na saurare ta har ƙarshen gefen. Ta iya karatu, matar nan. Sannan na zare zaren kaset ɗin gaba ɗaya na naɗe a hannu na zuba a kwandon shara. Ban yi kuka ba, in kina son sani. Na je na sha romona.

Akwai abu biyu da ban gaya miki ba, ga su.

Na farko. Hukuncin da na rubuto, na san shi tun ina 'yar shekara ashirin. Maganar rabi biyu ce: wanda ya musanya harafi bai yi salla ba, in yana da ikon gyarawa ya ƙi. Rabin farko na ba su, na riƙe na biyu a aljihu. Da gangan. Domin in ka gaya wa mata talatin cewa mai uzuri an yafe masa, gobe za ka tarar da masu uzuri talatin. Malamina haka ya yi mini, tsoro ya sa na iya. Na ɗauka dabarar koyarwa ce. Shekara ashirin da biyu ban taɓa tunanin akwai wadda take saurarona har haka ba.

Na biyu. Ranar darasin ƙarshe, sakamakon asibiti yana cikin jakata, da safen na karɓo. Na zauna, mata suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna karantawa, ni ina taɓa ƙullutun da ke gefen harshena da haƙorina ina lissafin kwanaki. Ban ji ko harafi ɗaya daga bakin Hajja ba. Da tallan kifi ta yi mini ma da na ce madalla. Karatunta bai gyaru ba, Ni'imat, kuma ba zai gyaru ba. Ba ta da matauni ko ɗaya a bakinta, ina za ta jingina harshen?

Kada ki gaya mata na biyun.

Kin tambaya a ranki ko ina salla. Ina yi. Ina tsayawa, ina motsa leɓe, ba na barin iska ta fita. Ina sallamewa a kan lokaci kamar agogon tasha. Hukuncin da na aiko wa uwarki ya hau kaina daidai, na sani, zan iya kawo miki shafi da layi. Sanin bai kai ko'ina ba.

Ba zan zo ba. Ki kai ta asibiti a ɗaure ta a gado in ya kama.

Tahani

Damanhur, 4 ga Nuwamba

Tahani,

Salamu alaikum.

Na gaya mata. Kin ce kada in faɗa, na faɗa. Na yi tunanin in ta san karatun bai gyaru ba, za ta ga ramuwar ba ta da amfani ta tsaya. Lissafina ke nan, kuma ya faɗi.

Ta ce, “To ashe na wata biyar ɗin nan ma sun zube.” Ba ta zage ki ba. Cewa ta yi, “Baiwar Allah, tana ɗauke da wannan a jaka, mu muna ta yi mata ihu a kunne.”

Yanzu a kowace raka'a tana maimaita Fatiha sau uku, sau huɗu, wai ko ɗaya za ta dace. A tsaye. Tsayuwar da take yi a da ta ninka.

Yatsan ya yi baƙi. Likita ya ba mu mako biyu. Ya ce in ta ɗaga ƙafar ta bushe, yatsa kaɗai za a cire. In baƙin ya wuce yatsa, daga ƙasan guiwa za a yanke. Asibiti ba sa ɗaure mai hankalinta, na tambaya.

Na karanta labarin kaset ɗinki, na yi miki kukan da ba ki yi ba. Amma ki ji. Muryarki ta riga ta tafi, ƙafar uwata tana nan tukuna. Kina zaune a baranda kina gadin abin da babu shi. Kin fi kowa karatu a ajinmu, kin fi kowa baki, kuma ban taɓa ganin kin ce wa wani “na yi kuskure” ido da ido ba. A takarda kam kin iya.

Ba zan sake rubutowa ba sai bayan aikin.

Ni'imat

Iskandariyya, 8 ga Nuwamba

Ni'imat,

Salama a gare ki. Na san Hajja ta gaya miki na zo jiya, na kuma san yadda take ba da labari, don haka ga yadda aka yi.

Na zaɓi lokacin da kike makaranta. Mutum ɗaya ya ishe ni. Kwana biyu kafin nan na zauna da alli ina neman jimlar da babu harafin da na rasa a cikinta. Babu irinta. Na goge allon na bar shi a gida, don in na riƙo shi zan yi amfani da shi.

Ƙofa a buɗe take. Warin ya tare ni tun daga tsakar gida, ba ki yi ƙari ba. Tana tsaye a ɗaki, hannu ɗaya a jikin kabad, tana Fatiha. Na zauna a bakin gado na saurara, wannan karon da kunnena duka. Kuskure shida, waɗanda ta zo da su shekara uku da suka wuce, babu wanda ya motsa daga wurinsa. Ta sallame ta juyo.

“La ilaha illallahu! Wa ya cinye ki haka? Matar Fathi ba ta dafa abinci ne?”

Na girgiza kai.

“Buɗe in gani.”

Na buɗe. Ta kama haɓata ta juya ni wajen taga kamar mai sayen tunkiya. Ta daɗe tana dubawa.

“Sun bar miki da yawa ai. Yadda Ni'imat take faɗa na ɗauka ramin banza ne. To, Abla, ina ji.”

Ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafar, ta kafa wa bakina ido. Na faɗa. Na ce babu ramuwa a kanki, sallarki ta yi. Ta ce, “Iye?” Na sake. Miyau ya zubo mini a mayafi, ta miƙo mini tsumman da ke kafaɗarta ba ta ɗauke ido ba. A na uku ta gane, na ga lokacin da ta gane. Na ɗauka an gama, har na kai hannu ga jakata.

“Ba haka muke yi ba,” in ji ta. “Ke kike fara karantawa, in bi. Sannan ki yanke hukunci.”

Na nuna mata bakina.

“Na gani. Karanta.”

Wata biyar ban bar Fatiha ta fita daga bakina ba. Na karanta ayar farko. Ba zan siffanta miki ba. Na tsaya ina jiran ta kau da kai, ko ta ce Allah sarki, irin na masu dubiya.

Sai ta bi ni, Ni'imat. Yadda na faɗa, haka ta faɗa. Ta karkata bakinta dama kamar nawa, ta kwantar da harshen, ta fitar da irin ƙarar da na fitar, ba ta rage komai ba. Ba ba'a take yi ba. Goshinta har ya yi gumi don ƙoƙari. Shekara uku ina neman ta kwaikwayi bakina daidai, jiya ta yi, karo na farko. Na karanta ta biyu, ta bi. Muka je har ƙarshe a haka, mata biyu a ɗaki suna wani yare da babu mai shi.

Ta ce, “Wannan ai ya fi sauƙi. Me ya sa kika ɓoye mana shi?”

Na ce a'a, ki koma naki, naki ya fi nawa. Ban sani ba ko ta ji, bakina ya riga ya gaji, rabin maganar iska ce. Ta dai ɗaga mini hannu, tana wani tunanin.

“Tsaya, 'yar Zakiyya. Ke yanzu da wannan kike salla?”

Na ce e.

“Kuma ta yi?”

Da liman ne ya tambaye ni da na kawo masa malamai huɗu. Ita kuwa bakina take kallo. Kaza ta shigo ɗakin ta zaga ta fita. Na ce ta yi.

“Ki rantse.”

Na rantse.

Ta sauke numfashi, ta dubi ƙafarta kamar yau ta fara ganinta. “To in taki ta yi da wannan bakin,” in ji ta, “ni me nake yi a tsaye tun bazara? Kama ni in hau gado. Miƙo matashin can, ki sa a ƙarƙashinta. A hankali, ke, ba buhun albasa ba ne.”

Na dafa mata shayi, ta ce ya yi tsararo. Na fito kafin a tashi 'yan makaranta.

Kada ki rubuto kina gode mini, kada kuma ki tambaye ni abin da na ji. A jirgi na duba ko akwai wani abu, ban samu ba, sai ciwon muƙamuƙi. Na dai yi La'asar da na iso, na bar iskar ta fita kaɗan. Matar Fathi ta ruga daga madafa ta ɗauka shaƙewa na yi.

Ki sanar da ni abin da likita ya ce.

Tahani

Damanhur, 21 ga Nuwamba

'Yar'uwata Tahani,

Assalamu alaikum. Ba godiya ba ce.

An yi aikin ranar Asabar. Yatsa ɗaya aka cire, ƙafar tana nan. Tana salla a zaune, biyar, da taimama. Ta ce in gaya miki yanzu kun zama biyu.

Abin da ba ki sani ba shi ne, ba ta koma nata karatun ba. Naki take yi, baki a karkace. Na ce mata kin hana, ta ce ni ina makaranta lokacin, ina na sani. Ta shaida wa duk wanda ya zo dubiya cewa Abla ta dawo daga Iskandariyya da sabon karatu mai sauƙi, ita kaɗai aka ba. Jiya mata huɗu daga ajinki suka zo suka zauna a bakin gadonta, tana karantawa suna bi. Yau sun zama bakwai, har da matar liman.

Ban hana su ba, ni lissafi na sani. Sun ce za su dawo ranar Talata bayan Azahar, kowa da maƙwabciyarta.

Ki gaida Fathi.

Taki,
Ni'imat